Inda Hular Nan Mai N da Y Ta Fito

Duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwar Maraɗi, ko ya tsaya bakin titi yana jiran kabu-kabu, ya san hular nan mai baki a gaba wadda aka ɗinka wa harafin N da na Y a sarƙe. Samarinmu suna sa ta a fada wurin shan shayi, ƴan gwanjo suna zuba ta tuli a kan tabarma, ni kaina na saya wa yarana ita ba sau ɗaya ba, kuma shekara da shekaru na ɗauka tambarin birnin New York ne kawai. Sai bara da damina, da na kai ziyara wurin ɗan ƙanwata da yake tuƙa tasi a can, na san cewa tambarin ƙungiyar Yankees ne, wadda take buga wasan besbol a Bronx, unguwar da ƴan Nijar da dama suke zaune.

Shi ne ya matsa mini lamba. Ya ce: "Kawu, bai kamata ka koma gida ba ka shiga filin nan ba. Kai da kallon kokowa ba ya wuce ka, na tabbata za ka gane wasan." Muka hau jirgin ƙasa mai lamba 4, wanda yake tafiya ta ƙarƙashin ƙasa sannan ya ɓullo sarari dab da tashar titi na 161, kuma tun daga taga na hango ginin. An buɗe shi a 2009, daura da inda tsohon filin da aka buɗe a 1923 yake a da, yana ɗaukar sama da mutum 46,000. Da muka haura matakala muka leƙa ciki, abin da ya fara cika mini ido shi ne ciyawar, shar kamar fadamar Gulbin Maraɗi bayan ruwa ya zauna, ga rana tana nan ba ta da niyyar faɗuwa alhali ƙarfe bakwai na yamma ya yi.

Kafin a fara ya zana mini tsarin a bayan tikiti. Ƙungiyar da take tsaro tana da mutum tara a fili, ɗayar kuma tana turo masu bugu ɗaya bayan ɗaya. Akwai matsaya huɗu da aka jera a kusurwa huɗu, tsakanin kowace da ta gaba kimanin mita 27, ana kiran ta ƙarshe gida. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudun ƙasa a tsakiya, mita 18 da ɗoriya daga mai bugu, shi kuma mai bugun yana riƙe da kulkin itace, a bayansa mai cafewa ya tsuguna da garkuwar ƙarfe a fuska. Idan mai bugu ya kuskure sau uku, barin jifa mai kyau ta wuce shi ma kuskure ne, ya fita; idan kuwa mai jifa ne ya kauce wa gurbin da aka yarda sau huɗu, an ba mai bugu matsaya ta farko kyauta. Wanda ya zagaye matsayan duka ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Mutum uku suna fita sai a yi musanya, masu bugu su koma tsaro. Haka ake yi har turmi tara, kuma idan aka yi kunnen doki ana ƙara turmi har sai an sami gwani.

Turmi biyu na farko sun yi mini nauyi, domin idona ya saba da ƙwallon ƙafa, inda mutum 22 suke kai da komowa ba tsayawa. A nan kuwa ga mutane tsaitsaye nesa da juna, sai a yi jifa ɗaya a dakata. A turmi na uku ne ɗan ƙanwata ya dafa hannuna ya ce in daina bin filin gaba ɗaya da ido, in tsaya a kan mutum biyu kaɗai, mai jifa da mai bugu. Daga nan wasan ya buɗe mini, domin abin da na gani shi ne abin da nake gani a filin kokowa na Kantu tun ina yaro: ƙarfafa biyu suna auna juna, wannan ya miƙa hannu ya janye, wancan ya yi kamar zai kai cafka ya fasa, jama'a sun yi tsit saboda kowa ya san kaye yana iya zuwa kafin ƙiftawar ido.

Jifar manyan ƴan wasa tana kai gudun kilomita 150 a awa, har ta zarce, wato ƙwallon yana isa wurin mai bugu cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, kuma a cikin wannan ɗan lokaci zai yanke shawarar ya kai duka ko ya ƙyale. Sai dai ƙarfi kaɗai ba ya kayar da gwani, kamar yadda yake a kokowa. Mai jifa yana da wadda take zuwa a miƙe kamar kibiya, yana da wadda hannunsa yake nuna gudu amma ta taho a hankali har mai bugu ya riga ta kai duka, yana da wadda take tahowa daidai ƙirji sannan ta karkace ta faɗi ƙasa. Na kalli wani karo guda da ya ɗauki jifa tara ko goma. Mai bugun ya riga ya kuskure biyu, saura ɗaya ya fita, amma duk wadda aka aiko sai ya goge ta da gefen kulki ta fice bayan layi, wanda ba a lissafa shi kuskure na uku. Mai jifa ya sauka daga tudu, ya murza ƙwallon a tafin hannu, ya gyara hula, ya koma. Mutanen da suke kewaye da mu duk sun miƙe suna tafi, ni ma ban san lokacin da na miƙe ba. A ƙarshe ya aiko da mai karkacewar, kulki ya sari iska, alƙalin wasa ya dunƙule hannu, filin ya ɗauki sowa kamar an yi kaye a karon ƙarshe na neman takobi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda wasan yake ɗaukar faɗuwa. Mai bugun da yake dacewa sau uku cikin goma gwani ne da ake ji da shi, ma'ana mafi yawan fitowarsa komawa yake yi hannu rabbana a gaban dubban mutane, kuma gobe ya sake fitowa, domin kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka ɗaya, kusan kullum daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Ina ganin girman wannan ƙwarai. Ko Aaron Judge, ƙaton nan mai tsawon mita biyu da yake sa lamba 99, wanda a 2022 ya buga ƙwallo ya tsallake katanga sau 62, ya karya tarihin 61 da Roger Maris ya kafa a rukunin ƙungiyoyin da Yankees take ciki a 1961, shi ma komawarsa ba tare da bugu ba ta fi dacewarsa yawa. Rigunan Yankees ba su ɗauke da suna a baya, lamba ce kawai, amma da ya taso daga benci babu wanda ya nemi a gaya masa ko wane ne.

Su ma suna da take da kirari irin nasu. Kowane mai bugu na gida yana da kiɗan da ake sakar masa idan ya nufo fage, kuma a turmin farko masoyan da suke zama a bencinan bayan fili ta hannun dama suna kiran sunan ƴan wasansu ɗaya bayan ɗaya da tafi, ba sa barin mutum sai ya juyo ya ɗaga musu hannu. Duk da haka na yi kewar makaɗanmu, domin kiɗan da yake fitowa daga lasifika ba ya kallon fuskar ɗan wasa ya sauya hannu kamar yadda mai ganga yake yi idan ya ga jikin ɗan kokowa ya fara tsuma.

Akwai kuma gyaɗa. Masu talla suna hawa da sauka tsakanin kujeru suna sayar da ita soyayya da ɓawonta, mutane suna ɓarewa suna zubar da ɓawon ƙarƙashin ƙafa. Ɗan Maraɗi, garin da cinikin gyaɗa ya gina kafin farin shekarun 1970 ya karya nomanta, ba zai ga wannan ya rasa jin wani abu a ƙirji ba. Na ɓare tawa ina tuna buhunan da mahaifina yake ba mu labarin ana jibgewa a wurin awo.

A turmi na shida na ji ƙarar da ɗan ƙanwata ya yi ta ba ni labari, ƙara busasshiya kamar an sari icen ƙirya da gatari. Ƙwallon ya tashi cikin hasken fitilu, mai tsaron baya ya bi shi da gudu har ya kai katanga, ya tsaya ya ɗaga kai. Ya faɗa cikin ƴan kallo, kuma a al'adar wasan wanda ya cafe shi ya zama nasa. Wani dattijo ne ya samu, ya juya ya miƙa wa wata ƙaramar yarinya da take bayansa, ita kuma ta rungume shi da hannu biyu har aka tashi.

Da za mu fita na sayi ƙwallo ɗaya a shagon filin. Farar fata ce da aka ɗinke da jan zare, ɗinki 108, nauyinsa bai wuce giram 150 ba, amma tauri kamar dutse. Yanzu idan an fara wasa ƙarfe bakwai na yamma a New York, sha biyun dare ne a Maraɗi, don haka sai da asuba nake duba sakamako a waya, in tarar ɗan ƙanwata ya riga ya turo mini saƙon murya. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, na auna mita 18 da taki a ƙofar gida, na tsayar da autana a kan tudun yashin da magina suka bari, na ba ɗan maƙwabcinmu ƙotar fartanya. Sau biyar yana saran iska. A na shida ya same shi, ƙwallon ya haura katangar maƙwabta, yaran unguwa suka bi shi da gudu.