Motoci Uku da Suka Yi Kwantai a Hannuna

Ranar Asabar da ta wuce na miƙa wa Alhaji makullan ofis da littafin ciniki, bayan shekara tara ina aiki a filinsa na sayar da motoci a nan Kano. Mun rabu cikin mutunci, ya sa mini albarka, na ce amin. Da zan fita idona ya faɗa kan kusurwar gabas, gindin darbejiya, inda wasu motoci uku suka yi wata da watanni suna shan ƙura, kowa a filin yana kiran su da sunana. Duk abin da na koya a wannan sana'a, rabinsa a wannan kusurwa na koye shi.

Abin ya faro ne a ƙarshen 2022. A lokacin ribar da ke kan Hilux ta ƙanƙance, domin kowane fili yana da ita, masu saye kuma sun san farashinta kamar su suka shigo da ita. Ni kuwa na zama mai karance-karance a waya da daddare. A nan na ga cewa a Amurka, Ford F-150 da danginta sun haura shekara 40 babu wata motar ɗaukar kaya da ta sha gabansu a ciniki. Na leƙa gwanjon motoci na can, na yi lissafi, na ga kuɗin da muke zubawa a kan Hilux mai 'yan shekaru zai kawo mana motar da ta fi ta girma, ta fi ta ƙarfin inji, cikinta kamar falo. Na ce wa kaina, motar da mutane masu yawa haka suka amince da ita shekara da shekaru, ai ganinta ne kawai mutanenmu ba su yi ba.

Na kai wa Alhaji maganar, na ce mu kawo biyu. Ya kalli hotunan ya daɗe yana murmushi. Shi da bakinsa ya ce biyu sun yi kaɗan, a ƙara ta uku, baƙa, domin akwai wani ɗan siyasa da ya tabbata zai ɗauka. Na rubuta wannan ne don a san yadda aka yi, tunda daga baya labarin ya sauya.

Motocin sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Legas, aka biya kwastan, suka iso Kano wajen watan Afrilun 2023. Ranar da aka sauke su, har masu wucewa a titi tsayawa suke yi suna ɗaukar hoto. Muna da wani dattijon bakanike da ke duba mana duk motar da ta shigo, Baba muke ce masa. Ya zagaya ta farko bai ce komai ba. Ya buɗe gaban, ya kalli injin mai silinda takwas da tarin wayoyin da ke kewaye da shi, ya rufe a hankali. Sai ya sa hannu a aljihun rigar aikinsa ya ciro maganaɗisun tsohuwar sifika da yake tsintar noti da shi, ya manna a jikin ƙofa. Maganaɗisun ya zame ya faɗo ƙasa. Ya sake mannawa a bodin baya, ya sake faɗowa.

Ya ce, "Ɗana, wannan ba ƙarfe ba ne. In adaidaita sahu ta goge ta gobe, wa zai buga maka ita a garin nan?"

Na san cewa tun daga ƙirar 2015 Ford ta mayar da bodin F-150 na alminiyam don rage nauyi, har ina cikin abin da nake shirin yi wa masu saye talla da shi. Ban taɓa tunanin mai gyaran bodi da ke aiki da guduma da wutar kabaid ba. Na ce masa, "Baba, zamani ya canza." Ya ɗauki maganaɗisunsa ya share shi a riga ya tafi.

Mai saye na farko da ya zo da gaske wani ɗan kwangila ne da ke aikin rijiyoyin burtsatse a Jigawa da Yobe. Ya hau, muka zaga da shi har bayan gari. Motar ta burge shi, kuma ta cancanci ta burge shi, don har yau ban tuƙa motar kaya mai daɗinta ba, babu kuma wadda ta taɓa ba mu matsala a cikin ukun. Da muka dawo ya tsaya gefe ya kira bakanikensa a waya. Maganar ba ta kai minti biyu ba. Ya dawo ya ce da ni, "Malam, motarka ta yi kyau. Amma in ta tsaya mini tsakanin Nguru da Gashuwa da magariba, wa zan kira? In kuma aiki ya ƙare na tashi sayarwa, wa zan kai wa?" Ban da amsar ko ɗaya. A ranar, a gabana, ya biya kuɗin wata farar Hilux Vigo da ta girmi tawa, kujerunta duk sun koɗe, bai ma tsaya dogon ciniki ba.

Sai ga ranar 29 ga Mayu, 2023, sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Biyu daga motocin nan suna da babban tanki mai cin lita sama da 130. Tankin Hilux kusan lita 80 ne, injinta na fetur silinda huɗu. Daga ranar duk wanda ya zo, tambayarsa ta farko ita ce nawa take sha daga nan zuwa Abuja. Ɗan siyasar Alhaji bai sake ɗaukar waya ba.

Ana cikin haka wani yaronmu yana gyara fakin ya fasa fitilar gaban baƙar. Na tafi Ƙofar Ruwa da kaina, rumfa rumfa, da fasasshiyar fitilar a hannu. Babu. Na aika Panteka a Kaduna, babu. Aka bincika mini Ladipo a Legas, wanda ya ce yana da ita ashe ta wata shekarar ce. Sai da aka yi odarta daga waje, ta ɗauki mako biyar, ga dala tana hawa kullum. A rumfa ta biyu da na shiga a Ƙofar Ruwa, ina tsaye wani ya zo neman fitilar Hilux, mai rumfa ya jera masa iri uku a kan benci: sabuwa ta kamfani, 'yar Beljiyam, da ta kwaikwayo, ya ce ya zaɓi daidai aljihunsa. Na daɗe ina kallon fitilun nan uku.

Mun sayar da biyu da faɗuwa bayan wata takwas. Baƙar ta kai shekara da 'yan watanni kafin wani mai sha'awa ya ɗauke ta, shi ma don yana da wasu motocin a gida ne.

Faɗuwa a kasuwa ba baƙon abu ba ne, kuma kaso mafi girma na laifin nawa ne, ban taɓa musawa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka raba laifin. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, abokan Alhaji suna zaune a kan tabarma a gaban ofis, yaran fili duk suna nan, ya nuna kusurwar ya ce, "Ga aikin ɗan boko nan. Na hana shi, ya nace." Na ce, "Ranka ya daɗe," na yi shiru, don ba a musu da maigida a gaban baƙinsa. Wata shida ana yanke la'adata ana cike giɓin. Motar da shi ya ƙara da bakinsa, wadda ta fi kowacce cin kuɗi, ita ma a kaina aka lissafa. A shekarar da na kawo masa cinikin Hilux goma sha biyu a lokaci ɗaya daga wata ƙungiyar agaji da ke aiki a Maiduguri, ban ji an tara mutane an faɗa ba. Na yafe, amma duk wanda ke ƙarƙashin wani a wannan sana'a, in an yanke shawarar kashe manyan kuɗi, ya rubuta wa ya ce me, da kwanan wata, ko da a saƙon waya ne.

Bayan abin ya lafa na koma na sake karanta labarin Amurkan da ya ruɗe ni, wannan karon a tsanake. F-150 ba ta zama sarauniya a can don kyau kawai ba. Man fetur ɗinsu yana da sauƙi in aka gwada da abin da suke samu, titunansu masu faɗi ne, suna jan tirela da jirgin ruwa a bayan mota, yawanci kuma bashin banki ne ake biya wata wata. Kowane ƙaramin gari yana da wakilin kamfanin da kayan gyara. Sannan tun 1964 gwamnatinsu ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ƙananan motocin kaya da ake shigowa da su daga waje, abin da ya daɗe yana kare Ford da Chevrolet da Ram a gida. Hilux da muke ji da ita ma ba a sayar da sabuwarta a Amurka, Toyota wata ce daban take ƙera musu, Tacoma, tun 1995. Wato duk abin da ya ɗaga F-150 a can, babu ko ɗaya da ya hau jirgin ruwa ya biyo ta zuwa Kano. Ƙarfen kaɗai na sayo, ko in ce alminiyam ɗin.

Hilux kuwa nan ne take da dangi. Tun 1968 ake ƙera ta, kuma a wannan yanki namu ta yi suna ne a wuraren da babu kwalta. Tsofaffin direbobi har yanzu suna ba da labarin 1987, lokacin da sojojin Cadi suka fatattaki na Libiya a arewacin ƙasarsu a kan motocin Toyota, Hilux da Land Cruiser, har aka riƙa kiran yaƙin da sunan kamfanin. Ita ce ke ratsa Sahara daga Agadas zuwa Dirku. Gwamnati na saye, jami'an tsaro na saye, ƙungiyoyin agaji da kamfanonin gine-gine na saye ko su ɗauka haya wata wata. In sun gama da ita ta faɗo kasuwa, ɗan kwangila ya ɗauka, daga shi ta koma hannun mai kai kaya kasuwannin ƙauye, in ta mutu gaba ɗaya a kwance ta a sayar da sassanta. Kowane mataki yana ƙara bakaniken da ya san ta da rumfar da ke ajiye kayanta. Shi ya sa mai saye yake biyan tsadarta da kwanciyar hankali. Ya san in ya matsu, kafin la'asar zai mayar da ita kuɗi, in ba a Kano ba, mutanen Maraɗi da Damagaram suna nan suna nema.

Ba wai sauran ba su da kyau ba ne. Na sayar da Mitsubishi L200 da Nissan Navara da yawa, masu su kuma sun ji daɗinsu, sai dai nakan faɗa musu gaskiya tun farko cewa rangwamen da suka samu yau, ranar sayarwa za su mayar da wani abu daga ciki. Ford Ranger, wadda ita ce sa'ar Hilux a girma, a Afirka ta Kudu kafaɗa da kafaɗa suke tafiya domin duka biyun a can ake haɗa su, a Ostireliya ma ta wuce Hilux a ciniki a 2023. Da Ranger na kawo maimakon babbar yayarta, da faɗuwar ba ta kai haka ba.

Kuma sarautar nan ba gado ba ce. Baba ya taɓa gaya mini cewa lokacin da yake yaron gareji, in aka ce akori-kura, Peugeot 404 ko 504 ake nufi. Kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, kuma a zamanin babu ƙauyen da za ka rasa mai gyaranta. Yau sai ka yi yawo kafin ka ga mai lafiya a titi. Tun da naira ta faɗi, na fara ganin masu saye suna tsayawa a gaban motocin Caina irin su JAC, suna tambayar na Innoson da ake haɗawa a Nnewi. Ban san inda abin zai tsaya ba, amma yanzu in ina son sanin motar da za ta tashi, ba na duba waya. Ƙofar Ruwa nake zuwa in ga kayan wace mota aka fara jerawa a gaban rumfa.

Sauran abubuwan da shekara tara suka koya mini gajeru ne. Kada ka karɓi kafin alƙalami ba tare da rasit ba, ko daga ɗan uwanka ne. Takardun kwastan ka tantance su da kanka kafin ka taya mota. Wanda ya shigo da silifas da tsohuwar riga ka tashi ka tarbe shi, sau da yawa shi ne mai biya lakadan. Kuma kada ka ɓoye wa mai saye aibin mota, zai dawo, ko da kuɗi ko da 'yan sanda. A wannan ɓangaren ina iya ɗaga kai, a shekara tara babu wanda ya dawo mini da mota yana cewa na cuce shi.

Wata mai kamawa zan buɗe ɗan ƙaramin fili nawa, wurin mota biyar ne kawai. Jiya na je garejin Baba na same shi a ƙarƙashin wata tsohuwar Vigo, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina so duk motar da zan saya ya fara ganinta kafin in biya, ba bayan ta iso ba. Ya turo kansa waje, ya goge hannu da tsumma, ya ce in miƙo masa sifana mai lamba goma sha huɗu tukuna, in ya gama sai mu yi maganar kuɗin aikinsa.