Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Majayin Motar Alhaji

A makon jiya na tsaya inda Baba ya fara sakar mini wuƙa in yanka fata da kaina, a rumfarmu ta dukanci cikin unguwar Birni, a Damagaram. Yau labarin aikin da ya kai ni garejin mota ne.

Wani Alhaji ɗan kasuwa daga Zango ya sayo tsohuwar mota a Kano, Austin-Healey 100, ja, mai kujera biyu, ba rufi. A Ingila aka ƙera irinta tsakanin 1953 da 1956, kuma gudun mil 100 a awa ne ya jawo mata sunan. Bakaniken da ya tashe ta ya nuna wa Alhaji ramuka a gefe da gefen murfin injin, ya ce ɗamarar fata ce ta taɓa zama a nan. Samfurin 100M na 1955 da ita yake fitowa, gadon tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, don in makullin murfi ya saki ana tsakiyar gudu, fatar ce za ta riƙe.

Alhaji ya zo da jar fatar akuya mai sheƙi, wai ta dace da fentin. Baba ya murza ta tsakanin yatsu, ya miƙa masa abarsa.

"Alhaji, wannan ta alabe ce da gafaka. Zafin inji da ranar Damagaram za su sa ta saki kafin damina."

"To Malam, mene ne abin yi?"

"Majayi za mu yi mata, kamar na doki."

Muka nufi wajen majema, Baba ya zaɓi fatar bijimi mai kauri wadda ta sha bagaruwa ta ƙoshi. Ban manta yadda ya shimfiɗa ta ƙasa ba, ya bi tsakiyar baya da tafin hannu, ya ce in yanko daga nan, kusa da ƙashin baya. Fatar ciki laushi gare ta, miƙewa take yi. Har yau in na ga ɗamarar da ta yi laƙwas, na san daga ciki aka yanko ta, kuma raina yakan ɓaci, don ha'inci ne ga mai saye.

Gida biyu muka yi ta, faɗin yatsa uku: doguwa mai huji, gajeriya mai ƙarfen tagulla da maƙeri ya buga mana. Jar fatar Alhaji ma ba ta tashi a banza ba, da ita muka yi shafi ta ƙasa don kada fenti ya kurje. Ni na ɗinka, huji bayan huji da basilla, zare a shafe da kakin zuma.

Ɗaurawar ce ta fi cin rai. Jikin da ke kewaye da murfin na alminiyum ne, ba ya son matsi, sai bakanike ya sa ƴan faifan ƙarfe ta ciki kafin ya ɗaure noti. Baba ya hana a huda ramukan ƙarfen ɗamara tun a rumfa. Sai da aka rufe murfin, ya ja fatar da ƙarfinsa, ya sa alama da farce, sannan na huda, da ƙarin biyu a gaba saboda sabuwar fata sai ta ɗan ba da kai. Ya gargaɗi Alhaji kada yaransa su shafa mata baƙin mai, man shanu kaɗan ya isa idan hunturu ya busar da ita.

Alhaji ya ɗauke ni gwaji a hanyar Mirriya. Iska na dukan fuskata, amma idona na kan ɗinkina, kuma murfin bai ko motsa ba. Da muka dawo ya biya Baba, ya ƙara mini jika ɗaya a hannu, kuɗin farko da na samu da sunana.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kawo yadda bakaniken nan ya nemi Baba ya ba shi ni in koyi ɗinkin kujerun mota, da amsar da Inna ta bayar.