Juma'a a Xi'an, cikin ƙaramin ayari

Yawancin mutanenmu da ke zuwa ƙasar Sin, Guangzhou kaɗai suka sani: masauki a unguwar Xiaobei, kasuwar waya, kasuwar yadi, sai ofishin masu kwantena. Ni ma haka nake, har wannan karon da na gama sayayya na biya kuɗin wani yawon buɗe ido da ake shirya wa mutane kaɗan, da jagora ɗan ƙasa, daga Beijing zuwa Xi'an. Ba mu kai goma ba. Akwai mata da miji daga Malesiya, da wata dattijuwa Bajamushiya da ta yi ritaya daga koyarwa, da wasu 'yan'uwa daga Kanada, sai ni.

Ba zan daɗe a kan Beijing ba. Fadar sarakuna da Babbar Ganuwa sun ci sunansu, amma cunkoson jama'a ba ya barin mutum ya tsaya ya ƙare wa abu kallo. Jirgin ƙasa mai gudun kilomita 300 a awa ya ɗauke mu, muka yi tafiyar sama da kilomita dubu tsakanin hantsi da la'asar.

Kashegari muka nufi Lintong, gabas da birnin Xi'an, inda mutum-mutumin sojojin yumɓu suke. Manoma ne suka ci karo da su a 1974 suna haƙar rijiya. Sarki Qin Shi Huang, wanda ya fara haɗe ƙasar Sin ƙarƙashin mulki ɗaya kuma ya mutu a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya sa aka ƙera su don su tsare shi a kabari. An ƙiyasta sun kai 8,000, da dawakai da kekunan yaƙi. Rami na farko kaɗai tsawonsa mita 230 ne. Ayarin manyan motoci sukan tsaya a bakin ƙofa su ɗauki hoto su wuce. Jagoranmu ya zagaya da mu can baya, inda ma'aikata ke harhaɗa fasassun gutsattsari, ya nuna mana cewa da fenti aka binne su, iska ce ta ɓamɓare shi bayan an tono. Abin da ya fi tsaya mini a rai, a matsayina na ɗan kasuwa, shi ne hatimin da ke jikin wasunsu: sunan shugaban masu aikin da suka ƙera, domin in an ga aibi a san wanda za a tuhuma. Shi kuwa kabarin sarkin, tudu ne guda da har yau ba a buɗe ba.

Jagoran nan ɗan ƙabilar Hui ne, Musulmi, haifaffen Xi'an. A zamanin daular Tang, daga 618 zuwa 907, sunan birnin Chang'an, kuma nan ne Hanyar Siliki, tsohuwar hanyar fatake da ta haɗa Sin da ƙasashen da ke yamma da ita, ta ƙare ta gabas. Fatake Larabawa da Farisawa suka zo da kaya, wasu suka zauna suka yi aure, jikokinsu suka tashi da harshen ƙasar da addinin kakanninsu. Da yake ba da labarin, zangon Kumasi ne ya faɗo mini a rai.

Titin Beiyuanmen, wanda kowa ke zuwa, ya cika da fitilu da hayaniyar masu talla. Bai tsaya da mu a nan ba. Ya kutsa da mu lunguna zuwa wajen Sajinqiao, inda babbar mota ba ta isa ta shiga ba, muka zauna a tebur biyu a wani ɗan shagon abinci. Aka ba kowa kwano da gurasa mai tauri, aka ce mu gutsuttsura ta da hannu, ƙanana ƙanana. Aikin ya ci kusan rabin awa, kuma a cikinsa ne hira ta ɓarke tsakaninmu da tsofaffin da ke teburin kusa, jagora yana fassara. Ɗaya daga cikinsu, da ya ji daga Nijeriya nake, ya kama hannuna da hannu biyu ya yi mini sallama, ya tambaye ni ko na sauke farali. Sannan mai dafawa ya karɓi kwanukan ya dawo da su da romon rago mai zafi, da tafarnuwa jiƙaƙƙiya da yaji a gefe. Wannan abincin suke kira paomo.

Ranar Juma'a muka je Babban Masallacin da ke lungun Huajue. Ana danganta kafuwarsa da shekarar 742, ko da yake mafi yawan ginin da ake gani yau na zamanin daular Ming ne da bayanta. Ba kubba, ba doguwar hasumiya irin wadda muka saba. Farfajiya ce bayan farfajiya, da ƙofofin katako masu sassaƙa, da itatuwa, da rufi mai lanƙwasa, kana tafiya yamma har ka isa zauren salla, domin a can alƙibla yamma take. A cikin zauren an sassaƙa Alƙur'ani a allunan katako da suka lulluɓe bango. Hanafawa ne, sahu ya cika da fararen huluna, liman ya yi wa'azi da Sinanci, ya ja salla da ƙira'ar da ban rasa harafi ɗaya a cikinta ba.

Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga zauren. Ni da mutumin Malesiya muka shiga, sauran suka zauna a farfajiya fiye da awa guda suna jiranmu, ba wanda ya nuna gajiya. Da muka fito, dattijuwar nan ta tare ni da tambayoyi kan sahu da sujada. A motar mutum arba'in ba mai dakatar da jadawali saboda sallar mutum biyu, kuma wannan kaɗai ya isa ya biya mini bambancin kuɗin, wanda ba kaɗan ba ne.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. An tsayar da mu a wani shagon duwatsun ado da ba ya cikin tsarin da aka ba mu, muka ɓata lokacin da za mu yi a kan ganuwar birnin, mai zagayen kusan kilomita 14. Da yamma kuma ɗan Kanada ya tambayi jagora halin da Musulmin Xinjiang, yankin da ke arewa maso yammacin Sin, ke ciki. Mutumin da ya yini yana zuba bayani ya ce wannan ba maganar hanya ba ce, ya juya ga zancen abincin dare. Ban ga laifinsa ba, a garin yake zaune da iyalinsa, amma na kwana da abin a raina.

Duk wanda zai yi irin wannan tafiya, ya tambayi kamfani adadin mutanen ayarin, da ko jagoran ɗan garin ne, da ko akwai tsayawa a shaguna, tun kafin ya biya. Ya kuma duba kalanda da kyau, Juma'a ta riske shi a Xi'an.