Shari'ar riƙon yara: abin da alƙali ke son gani a hannunka

Ƙannena maza da mata da aurenku ya mutu kuna shirin shiga kotu a kan yara, kuskuren farko da na tafka, wanda kuma nake ganin na baya suna maimaitawa, shi ne mayar da zaman hadana, wato shari'ar riƙon yara, ci gaban rigimar aure. Mutum ya miƙe gaban alƙali ya kwashe rabin awa yana lissafa laifin tsohuwar matarsa, ba ta gaida uwarsa, ba ta iya girki ba. Duk wannan ya tafi tare da igiyar aure. Abin da ke gaban kotu yanzu shi ne a hannun wa ya fi dacewa yaron ya kwana ya tashi, kuma ina hujja.

Fara da sanin inda shari'a ta ajiye ka. Kotunan shari'ar Musulunci na arewacin Najeriya da mazhabar Malikiyya suke hukunci, littattafan da ake buɗewa irin su Risala ne da Mukhtasar Khalil. A cikinsu uwa ce kan gaba: ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace har ta yi aure ta tare. Idan haƙƙin uwa ya faɗi, riƙon ba ya tsallakowa wurin uba kai tsaye. Kakar yara ta wajen uwa ce ke biye, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a zo kan dangin uba. Maza da yawa sukan ƙarar da ƙarfinsu wajen tabbatar da cewa uwar ta sake aure, sai su ji an miƙa yaran ga tsohuwar surukarsu, su fito suna cewa an zalunce su, alhali haka hukuncin yake.

Auren ma da sharaɗi. Sai sabon mijin ya tare da ita haƙƙinta ke faɗuwa, kuma ba ya faɗuwa idan mijin muharramin yaron ne, kamar baffansa, ko idan jariri ne da ya ƙi karɓar kowa sai ita. Wanda kuma riƙon zai koma hannunsa, in ya san da auren ya yi shiru har shekara ta zagayo ba tare da uzuri ba, ya zubar da damarsa da kansa.

Sharuɗɗan da ake auna mai riƙo da su sanannu ne: hankali, ƙarfin ɗawainiyar yaro, riƙon amana, iya tattalin kuɗi, lafiya daga cutar da za ta cutar da yaro, da gida mai tsaro, musamman ga yarinyar da ta fara tasowa. Namiji yana da ƙarin sharaɗi, dole a ce akwai macen da za ta kula da yaron a gidansa. Kada ka tsaya a kan "ai matata za ta riƙe su". Zo da ita kotu, ko mahaifiyarka, ta faɗa da bakinta. Za a iya tambayarta 'ya'yanta nawa, ɗaki nawa ne a gidan, wa ke gida da rana. Ke ma ƙanwata, idan kina fita aiki ko kasuwa, ki zo da amsar wa ke tare da yaran daga fitarki zuwa dawowarki.

Sai takardu, kuma a nan mafi yawanmu muke faɗuwa. Ciyarwa, tufafi, magani da makaranta suna kan uba ko yaran ba sa hannunsa. Kuɗin da ka ba yaron saƙo ya kai a ambulan ba shi da sawu. Ranar da aka ce ba ka taɓa kawo komai ba, sai dai ka yi ta rantse-rantse. Tura ta banki, ka rubuta "abincin yara" da sunan watan, sannan ka karɓi takardar bayanin asusu mai hatimin banki. Haɗa rasit ɗin kuɗin makaranta zango-zango, sakamakon jarrabawa, katin asibiti, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da katin rigakafi. Wannan katin ƙaramin abu ne amma yana magana: allurar ranar haihuwa, ta mako 6, 10 da 14, da ta ƙyanda a wata 9, idan duk an cike su, uwa ta nuna kulawar wata tara a takarda ɗaya. Yi kwafi uku na kowace, na kotu, na abokin shari'a, da naka, ka riƙe na asali don a gwada. Saƙonnin WhatsApp kuma a zo da wayar kanta, hirar a cike, domin guntun hoto da aka yanke ba ya da nauyi.

Shaidu a zaɓe su da lura. Shaidar uba ga ɗansa, ko ɗa ga ubansa, ko mata ga mijinta, ana ture ta saboda tuhuma, haka ma ta wanda ke da gaba da abokin shari'arka. Nemi adalai biyu da suka gani da idonsu: maƙwabci, malamin Islamiyya, mai unguwa. "An ce mini" ba shaida ba ce.

Akwai abubuwan da ke rusa mai gaskiya. Ɗauke yaro daga makaranta ka ɓoye shi a ƙauye. Yanke ciyarwa don ka gasa wa uwarsa. Koya wa yaro abin da zai faɗa, alhali alƙalin da ya daɗe a kujera yana gane yaron da aka yi wa hadda daga tambaya ta biyu. Zuba maganar a Facebook. Mafi haɗari shi ne jifan uwar 'ya'yanka da zina don a ce ba ta da amana: in ba ka da shaidu huɗu, ƙazafi ka yi, haddinsa bulala 80, ka shigo neman yara ka fita da laifi.

Kafin hukunci alƙali zai yi i'izari, wato ya tambaye ka ko kana da sauran hujja. Kada kunya ko gajiya ta sa ka ce babu alhali akwai shaidan da bai iso ba. Nemi a ɗaga zaman, a rubuta. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Masu auren rajista kuwa, tasu shari'ar a Babbar Kotu take, ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970.

Ko ka samu ko ka rasa, roƙi a rubuta adadin kuɗin wata, ranar biya, ranakun ziyara, inda yara za su yi hutun makaranta da sallah ƙarama da babba, da wanda zai riƙa ɗauko su ya mayar. Karɓi kwafin hukuncin mai hatimi tun a makon, domin wa'adin ɗaukaka ƙara daga ranar hukunci yake fara ƙirguwa.