Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Watan da na Ajiye Kwalba

A makon jiya na tsaya a inda na sayar da motata ta biyu na dawo Argungu da zama. Da yawa kun aiko kuna tambayar yadda aka ƙare da gonar fadama. Za mu je can in Allah ya yarda, amma labarin gonar ba zai fito daidai ba sai na faɗi abin da na fi shekara ashirin ina ɓoyewa, wanda Yaya ya tona a gaban dangi. Na sha giya. Uwar yara ta sani tun muna ɗaki ɗaya a gidan Baba, manyan 'ya'yana ma sun sani, don haka ban ga wanda zan ci gaba da ɓoye wa ba.

A 1994 na fara, ina yaron mota. Lodin albasa muke yi daga Aliero mu kai kasuwar Mile 12 a Legas. Wanda ya san hanyar ya san ta: Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, a haye gadar Jebba, sai Ilori da Badun. A Mokwa muka kwana wani dare na hunturu, ina kwance kan buhuna haƙorana na karo da juna, sai maigidana ya miƙo mini ƙwarya ya ce maganin sanyi ne da ciwon baya. Burkutu ne. Na san ko mene ne, ba zan ɗora masa laifin duka ba, Allah ya jiƙansa. Daga ƙwarya aka koma kwalba, daga kwalba aka koma 'yar ƙarama mai zafi wadda ake sawa a aljihu.

Abin da ya fi ci mini rai in na tuna shi ne ranar da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau, a watan Oktoban 1999, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura. Da ni aka je. Motata na cika da mutanen unguwa kyauta, na yi kabbara har muryata ta dishe, kuma har zuciyata nake yi. Ko mako biyu ba a yi ba ina Mokwa da kwalba a gabana. A 2000 Kebbi ita ma ta bi sahu, aka rufe mashaya, kowa ya san bulala tamanin ce ga wanda aka kama. Abin bai ƙare ba, ya dai koma bayan labule, kuɗinsa ya ƙaru, mu kuma muka ƙware da ƙarya.

Inna ba ta taɓa furta sunan abin ba. In na dawo daga tafiya na shiga gaishe ta, bakina cike da goro da alewar TomTom, takan bar ni in gama gaisuwa, ta dubi idona ta daɗe, sannan ta ce, "Ɗan nan, ruwa ba ya tsami banza." Shi ke nan. Sai ta tura mini ƙwaryar fura. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Wani lokaci in ce mata rashin barci ne, wani lokaci ƙurar hanya, ita kuma ta gyaɗa kai ta ce Allah shi kiyaye hanya. Sau ɗaya tak ta ƙara da wata magana, ranar sunan 'yata ta uku. Ta kira ni ƙuryar ɗaki ta ce ta ji malam a rediyo yana cewa wanda ya sha abin maye, kwana arba'in ba a karɓar sallarsa. Ta ce, "Ni dai na ji ne, na ce bari in hwaɗa maka, ko ka san wani." Na ce to Inna. Na fita na ci gaba da rabon goro.

Daga 2003 zuwa wajen 2015 ba ni da wani abin ba ku. Hanya ce, lodi ne, sai azumi ya zo in bari, a sha ruwan sallah da kwana uku ko huɗu in koma. Inna ta rasu a 2017.

Bayan rasuwarta ne aka zauna maganar gonar a zauren Kawu. Akwai surukai a wurin, akwai yaran da na goya. Na ce ni zan riƙe ɓangaren da ke bakin ruwa tunda na bar tuƙi, kuma lokacin shinkafa ta yi daraja, tun da Buhari ya zo Kebbi a ƙarshen 2015 ya buɗe shirin ba manoma rance kowa ya koma fadama. Sai Yaya ya gyara zama ya ce, "Kawu, ba a ba mashayi amanar gona. Wanga ko wata guda ba ya iya yi in ba azumi ba." Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi. Kuɗin motar nan da nake kwana a kan titi saboda ita, da su aka yi wa ɗakinsa rufin kwano, da su babban ɗansa ya yi karatu a Sakkwato. Ranar da yake karɓa bai tambayi me nake sha ba. Ban ce uffan ba, na ɗauki takalmina na fita. Kuma kada wani ya ɗauka maganar ta gyara ni. Daren nan na sha fiye da kullum, na kuma shekara biyu a haka.

Jiki ne ya kai ni inda magana ta kasa. A Disambar 2019 ina injin casar shinkafa ana auna mini buhuna, sai na ga sikelin ya rabu biyu, ƙeyata kamar an ɗora dutse. Yarona ya kai ni asibiti a Birnin Kebbi. Aka ɗaura mini abin awo a dantse, ya nuna 172 bisa 106. Likitan yaro ne matashi. Ya ce na lafiyayyen mutum wajen 120 bisa 80 yake, in ya kai 140 bisa 90 kuma ya zauna a nan, hawan jini ne. Ya sa yaron ya fita, ya rufe ƙofa, ya ce, "Baba, ba hukunci zan yi maka ba. Kwalba nawa a rana?" Ban san lokacin da na faɗa masa gaskiya ba. Shi ne mutum na farko da na taɓa faɗa wa da bakina.

Ya ce hanta ta fara nuna alama amma ba ta kai inda ba ta dawowa ba. Ya ce in ba shi wata ɗaya. Sai ya gargaɗe ni da abin da nake so duk mai wannan matsala ya ji: wanda ya daɗe yana sha kullum bai kamata ya yanke shi kaɗai a ɓoye ba, domin daga kwana na biyu zuwa na uku jiki kan yi bore, rawar hannu, gumi, wani har farfaɗiya da gane-gane, kuma ana iya rasa rai. Na ce ai duk azumi ina bari. Ya tambaye ni yadda kwanakin farko na azumin suke zame mini, na yi shiru, don uwar yara ta san irin zazzaɓin da nake cewa na shiga azumi ne. Ya rubuta mini ƙwayoyi na 'yan kwanaki da na hawan jini, ya ce dole wani a gida ya sani.

Wata ɗaya. Ina jin haka muryar Yaya ta dawo mini a zauren Kawu. Ba zan yi muku ƙarya in ce tsoron Allah ne kaɗai ya tashe ni ba. Akwai tsoron Allah, akwai tsoron a ɗauke ni a kujera rabin jiki a mace, akwai kuma zuciya.

Ranar 1 ga Janairun 2020 na fara. Dare na uku shi ne ba zan manta ba. Ana tsananin hunturu amma zanen gadon ya jiƙe sharkaf. Uwar yara ta dama kunun tsamiya ta kawo, na kai hannu, kofin na kaɗawa har ya zubo mini a cinya. Ta karɓe ba ta ce komai ba, ta zauna bakin gado, ta tallafi ƙeyata da hannun hagu ta riƙa ba ni kamar yaron goye. Shekara ashirin da biyu muna tare, ban taɓa jin kunyarta irin ta daren nan ba, ban kuma taɓa sanin darajarta kamar daren ba. Can wajen ƙarfe uku na ce mata ba zan iya ba. Ta ce, "Malam, asuba kawai za ka kai. Gobe ma mu nemi wata asubar." Tsamin kunun nan a bakina, sai ga Inna a raina, ruwa ba ya tsami banza. Na yi kuka sosai.

Abinci ya zama wani yaƙin. Likita ya ce gishirin da mutum zai ci a yini kada ya wuce giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma har da wanda ke cikin dunƙulen magi. A gidanmu tukunyar miya ɗaya sai a jefa shida. Aka ware mini 'yar tukunya, daddawa da citta da tafarnuwa da albasa mai yawa. Kwanakin farko miyar kukar kamar ruwan wanke hannu, wajen mako na biyu harshena ya saba har na fara jin ɗanɗanon kukar kanta. Tuwon shinkafa daga malmala uku na koma ɗaya da rabi. Na bar balangun dare da farfesun kan saniya, waɗanda dama abokan kwalba ne. Da rana kwaɗon zogale da ɗan ƙuli-ƙuli, da dare gasasshen kifi, tarwaɗa ko karfasa, abin da ba ya wuya a garinmu. Abin da ban zata ba shi ne kwaɗayin zaƙi. Sai in ji kamar in shanye lemon kwalba uku. Na riƙa sa dabino uku a aljihun da 'yar kwalbar ke zama a da.

Tafiya kuwa, ya ce minti talatin a rana, kwana biyar a mako, da saurin da zan ji numfashi ya ɗan ɗaga. Ana sallame asuba sai in miƙe, in wuce tsohon gidan Nabame inda gidan tarihin Kanta yake, in gangara har Matan Fada, bakin kogin da ake bikin kamun kifi. Ranar farko sau biyu na zauna a hanya. Masu zuwa fadama a kan babur suna tsayawa, "Alhaji, mashin ɗin ya lalace ne? Hau in kai ka." A garinmu magidanci mai tumbi ba ya tafiya a ƙasa sai da dalili. Ina cewa na gode, likita ne ya sa.

Mafi wuya shi ne tsakanin magariba da ƙarfe goma, lokacin da ƙafata ta saba da hanyar wani gida a bayan gari. A kwana na tara ɗaya daga cikin abokan zaman ya zo har ƙofar gida da abu a baƙar leda, wai ya ji ba ni da lafiya. Na ce ya koma da shi. Ya yi dariya ya ce za su ajiye mini kujerata. A cikin mu shida da muke zama, biyu sun riga mu gidan gaskiya, ɗaya ciki ya kumbura ƙafa ta kumbura, aka ce sammu ne. Ba sammu ba ne.

Kawu ne ya cece ni daga waɗannan awowi, ban sani ba ko da gangan ya yi. Lokacin an sanar za a dawo da bikin kamun kifi a watan Maris bayan kusan shekara goma ba a yi ba, gari duk ya ɗauka. Ya aiko in zo in taya shi gyaran homa. Kullum bayan isha'i muna zaurensa, zauren da aka ci mini mutunci, fitila a tsakani, shi yana ɗinke inda ɓera ya ci ni ina riƙe masa bakin. Yana ba ni labarin Baba, yadda yake kifa ciki a kan gora ya bi ruwa, da shekarar da ya fito da giwan ruwan da sai da mutum uku suka ɗauka. Wani dare ya dubi hannuna ya ce, "Yau dai zaren bai rawa." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Barci ya dawo wajen kwana na goma sha biyu, irin barcin da na manta akwai shi. Kuɗin da nake kashewa kullum na riƙa jefawa a gwangwanin madara. Ranar 30 ga wata na hau sikelin injin casa, wanda na ga ya rabu biyu, daga kilo 97 na koma 92. A asibiti awo ya nuna 142 bisa 90. Likita ya ce kada in bar ƙwayar, da saura, amma ya miƙo mini hannu. Gwangwanin da muka fasa da uwar yara, naira dubu 34 ne a ciki. Ta daɗe tana kallon kuɗin, na san lissafin shekaru take yi, na kuma san abin da aka rasa a gidan nan a shekarun. Na sayi tabarmi da butoci na kai masallacin unguwa da niyyar ladan ya kai ga Inna.

Na so a ce tana nan. Na so in shiga ɗakinta ba goro ba alewa, in zauna kusa da ita ta dubi idona yadda take so. Shekara uku kacal na makara. Da wata ya cika ban ji na gama ba, saboda arba'in ɗin da ta faɗa mini ranar suna, sai na ce bari in cika mata goman.

A cikin goman nan ne na haɗu da Yaya a masallacin Juma'a. Tun zaman zauren gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Na tsaya na gaishe shi kamar yadda aka koya mana. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka rame. Lahiya dai?" Na ce, "Lafiya lau Yaya. Yau kwana talatin da takwas, kuma ba azumi ake ba." Ya gane. Ya juya carbinsa ya ce, "To, Allah shi sa a ɗore." Har yau da nake rubutun nan bai ce mini yi haƙuri ba.

Washegari da safe Kawu ya aiko yaro, wai in same shi a fadama, in taho da igiyar awo. Nan za mu tashi mako mai zuwa.