Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Wayar da Hajiya ta tsana

Jama'a Assalamu alaikum, wancan satin na tsaya a inda aka kwantar da ɗana Abba a asibiti. Masu tambaya ta inbox wane irin ciwon daji ne, sunansa Burkitt, sunan wani likita Bature ne da ya fara bayaninsa a Uganda a 1958, wannan dajin ne yake kumbura wa yara muƙamuƙi ko ciki, kuma likita ya ce min ya fi yawa a ƙasashe masu maleriya irin namu, saurin girma gare shi amma yana jin magani in an zo da wuri. Da wuri fa. Mu kuwa sai da kumatun yaron nan ya kai ba ya iya tauna tuwo, saboda Hajiya ta kafe wai daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi sai ya fusata.

Daji ba ya son ƙarfe. Har yau in na ji wannan magana sai cikina ya juya.

To abin da ya fi ba mu wahala ba ma kemo ɗin ba ne, wato maganin dajin, neman jijiya ne. Yaro ya rame, sista ta soka nan ta soka can, shi ko yana ihu yana Umma ki ce su bari, mutum uku muke danne shi. Wata sista ce, Allah ya saka mata da Aljanna, ta ce Maman Abba ba ki da gem a wayarki? Wata tsohuwar Tecno ce mai fasasshen gilashi, ta sa masa wasan tseren mota ta ce kar a ba shi sai lokacin allura kawai, don ya riƙa ɗokinsa. Wallahi ba na ce ciwo ya tafi ba, yana jin zafin, amma ya daina fizge-fizge, hannu ɗaya a miƙe ɗaya yana tuƙi, har a sa kanula, 'yar robar da ake sawa a jijiya, a gama. Ita ce kuma ta tura min hoton fuskoki daga mai murmushi zuwa mai kuka, tunda ba ya iya faɗin yadda yake ji sai ya nuna da yatsa, da shi suke gane ko a ƙara maganin ciwo. Da dare in amai ya hana shi barci sai in sa masa karatun Alƙur'ani a kunne a hankali.

Hajiya da ta zo dubiya ba ta ga komai ba sai wayar. Wai na mayar da mara lafiya ɗan gem, za ta kashe masa ido. Ita da ta sa muka yi ta shafe-shafe da hayaƙi! Baban su Abba yana tsaye bai ce uffan ba, kamar yadda bai ce ba ranar rabon gadon nan, amma wannan sai mun zo wurin.

Da aka sallame mu hutu tsakanin kemo, sista ta ce mu sayi ma'aunin zafin jiki, in ya kai 38 kar mu jira gari ya waye, don maganin yana karya garkuwar jiki. Wani dare ya kai, ba wuta, caji saura kaɗan, na ɗauki hoton ma'aunin na tura mata a WhatsApp, ta yo min murya ta ce ku taho yanzu yanzu. Hajiya tana bakin ƙofa tana cewa a bari sai da safe a jiƙa masa rubutu. Maƙwabcinmu mai adaidaita na buga wa ƙofa.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗa muku yadda aka yi da kuɗin jini, da wanda ya kashe wayarsa a dangi.