Abin da na gani a fuskar Yaya

Tun da Yaya ta dawo daga Istanbul ake tambayata ko allurar Botox ta yi, wato allurar rage tamojin fuska. A'a, tiyatar ɗaga fuska aka yi mata, ni ce na yi jinyarta.

A da fata kawai likitoci ke ja su ɗinke a gefen kunne, shi ya sa fuska ke fitowa a ɗame. Yanzu suna shiga ƙarƙashin fata, su saki jijiyoyin da suka riƙe naman kunci, su mayar da shi inda yake tun ana ƙuruciya. Wani likita a Amurka, Sam Hamra, shi ya bayyana wannan hanya a 1990. Da kumburi ya sace, Yaya ce dai sak, sai dai gajiyar nan ta bar fuskarta. Amma makonnin farko akwai wuya: kumburi, taruwar jini, barci a jingine, kunci a sandare.

Botox daban ne. Amurka ta amince da shi don kwalliya a 2002, yana kwantar da naman da ke tattare goshi, wata uku zuwa huɗu ya gushe.

Wadda ke tayar min da hankali ita ce allurar cika kunci da ake yi a shagunan kwalliya. Idan ta shiga jijiyar jini, fata na iya mutuwa, ido ma na iya makancewa. Don Allah 'yan uwa, ku tambayi mai allurar takardar shaidarsa ta likita, da ko yana da maganin narkar da ita a kusa.